Wuta a Kan Dutsen Randa

Bana azumi ya sake faɗowa cikin bazara, kuma zafin irin na waccan shekara ne, wanda kare ke tona rami ya kwanta, ko ka jefe shi ba ya tashi. Da zafin ne kaɗai da na share gumina na yi shiru. Amma ran goma ga wata na hau dutse duba ruwa, na tarar an shafa jan fenti a falale, alama nan, alama can, har bayan dutsen. Tun daga ranar waccan shekara ta dawo mini ta zauna, ta ƙi tashi.

Ƙauyenmu yana kan iyakar ƙasar Dutsin-Ma da ta Kurfi, a gindin Dutsen Randa. Ba wani dogon dutse ba ne, baƙo zai wuce shi bisa babur bai waiga ba. Amma a jikinsa akwai ramuka biyu da Allah Ya fafe, masu tara ruwan sama. Babbar Randa tana can sama, dutse ya rufo mata kamar rumfa, rana ba ta ganin ruwanta. Ita mutane ke sha. Ƙaramar Randa tana ƙasa-ƙasa inda saniya ke iya takawa, ita ce ta dabbobi. Rijiyoyinmu ba abin dogaro ba ne. Da rani ya raba, guga sai ya riƙa dawowa da laka.

Mun tashi mun tarar da doka uku a kan dutsen: ba a hawa da takalmi, ba a kai sabulu, ba a hura wuta. Mai tsaron dokar a lokacin Baba Ilu ne, wani siririn tsoho mai sanda, gadon gidansu ne. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka yakan sa a yi shelar yasa. Maza su shiga ramin su yi layi, ana miƙo laka a kwanduna hannu zuwa hannu, a zuba ta a gonakin gindin dutse, ta fi kowane taki. Mata su bi falale da tsintsiya su share kashin awaki da ƙaiƙayin sussukar bara. Sannan a toshe hanyar ruwan da duwatsu, don ruwan farko na wanke dutse ne, ba a tara shi. Sai ruwa na biyu ake buɗe wa hanya.

Waccan shekarar ina da ashirin da 'yan kai, sabon aure da Indo. Daminar da ta gabata ba ta yi kirki ba. Tun kafin azumi ya kama mun fara jin ƙasan rumbu. Sahur kunun kanwa ne tsararo, wanda kana ganin gindin ƙwarya ta cikinsa. Buɗa-baki kwaɗon tafasa busasshe, ko yaɗiya in mata sun samo a tsagin dutse, da ɗan ƙuli-ƙuli a murmushe don a ce an sa. Abin da kawai ke da daɗi a yinin nan shi ne ruwan Babbar Randa, sanyi har cikin haƙori. Ƙaramar kuwa ta ƙafe da wuri, sai ɗan kwantaccen ruwan laka a gindinta.

Ni kuma na dawo daga cirani da wayo a kaina. Na yi wata huɗu wurin masu fasa dutse a bayan Kano. Na ga yadda suke jibga tsofaffin tayoyi bisa dutse su cinna wuta, in ya yi zafi su watsa ruwa, ya ɓare, su bi da guduma. Ranar yasa, muna tsaye cikin Ƙaramar Randa laka har gwiwa, na ce me zai hana mu ƙara mata zurfi.

Baba Ilu ya leƙo daga sama. "Kai Sale, wa ya gaya maka randar ga ta yi kaɗan?"

"Baba, ga ta nan ta ƙafe tun azumi bai zo ba."

"Ruwan sama ne ya yi kaɗan, ba randa ba."

"A Kano haka ake yi, kwana uku an gama."

"A Kano ruwan dutsen suke sha?"

Tanko ya tuntsire da dariya. Tanko abokina ne tun ƙuruciya, gonarsu na manne da tamu, bakinsa ba ya gajiya. Ya ce, "Baba, ka bar shi ya gwada. Mutum ya je birni ya dawo, ba agogo, ba rediyo, aƙalla ya nuna mana abin da ya koyo."

Aka yi dariya. Amma maganar ta shiga kunnen mutane, don kowa na da dabba kuma kowa ya gaji. Aka kai ta gaban Maigari na lokacin, ya ce in dai alheri ake nufi a yi. Baba Ilu bai zagi kowa ba. Ya ɗauki sandarsa, ya ce, "Dutse jiki ɗaya ne. Ka mare shi a kunci, ya ji a ƙafa." Ya sauka abinsa.

Ni da Tanko muka ɗaura amalanke ga shanun huɗar mahaifina, Fari da Goje, muka tafi Dutsin-Ma. Muka bi masu faci ɗaya bayan ɗaya, muka tattaro taya goma sha biyu. Su shanun nan su suka jawo su har gindin dutse, da bakinsu na kumfa. Wannan nakan tuna.

Kwana uku muna wuta. Rana daga sama, wuta daga ƙasa, ga azumi a baki. Hayaƙi baƙi ƙirin ya miƙe har 'yan kasuwar Kuki sun aiko tambaya ko gobara ce. Wari ya shiga komai. Mata suka ce garin da suka shanya ma taya yake yi. Idanunmu suka yi jawur, harshe ya koma kamar ƙirgi, majina in ka fyace baƙa ce. In wutar ta ci ta lafa, sai mu kwaso ɗan ruwan lakan nan da muka tara a garewani, wanda ya rage wa awaki, mu sheƙa wa dutsen. Ya yi tsuwa, ya ɓare kamar ɓawon rogo. Mu bi da guduma. Gaskiya ramin ya ƙara zurfi, ya kai kamu guda. A ranar aka laƙaba mini Mai Taya, kuma a ranar kirari ne.

Rana ta uku bayan la'asar, mun sheƙa ruwan ƙarshe, sai muka ji ƙara ɗaya, kamar an harba bindigar toka a cikin ƙasa. Na ji ta a tafin ƙafata kafin kunnena. Da toka ta huce muka share, sai ga tsaga a gindin ramin, siririya kamar zare, allura ma ba za ta shiga ba. Tanko ya dangwalo laka da babban yatsa ya shafe ta. Ya ce, "Shi ke nan, na ɗinke." Muka sauka shan ruwa.

Bayan sallah da mako uku hadari ya haɗo daga gabas. Iska ta fara kawo ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, yara suka fita tsirara suna tsalle. Ruwan farko ya wanke dutse, baƙin ruwa ya gangaro da tokar tayarmu. Na biyu ya zo da ƙarfi, aka buɗe hanya, randunan biyu suka cika har suna tumbatsa. Muka wuni muna shuka, ni da Indo, ina sara tana jefa iri tana takewa. Da yamma na ratsa ta Ƙaramar Randa don in ƙara kallon aikina. Cike take, gajimare na yawo a cikinta.

Da safe na koro Fari da Goje su sha. Na tarar da Baba Ilu zaune a bakin ramin, sandarsa bisa cinya. Ba ruwa. Sai danshi a bango da kwaɗi uku a gindi suna kallon sama. Shanun suka sunkuya suna shinshinar dutse.

Na ce, "Baba, wa ya kwashe?"

Bai ko dube ni ba. Ya ce, "Ka tambayi Kano."

Da damina ta zarce da abin ya zo da sauƙi. Ba ta zarce ba. Ruwa ya ɗauke fiye da wata guda. Geron da ya tsiro ya kai tsawon yatsa, ya murɗe, ya koma launin ƙasa. Kullum hadari ya taso, ya yi baƙi, ya yi rugugi, iska ta kwashe shi ta yi yamma da shi. Muka fita roƙon ruwa sau biyu, riguna a juye, tsofaffi na kuka. Rijiyoyi suka bushe ƙaf. Gari duka ya koma kan Babbar Randa.

Baba Ilu ya yanka doka: kowane gida tulu biyu a yini, kuma ko akuya ba za a ɗebar wa ba. Ya yi tsaga-tsaga a jikin sandarsa, kullum da safe ya tsoma ta ya ga inda ruwa ya tsaya. Mata su yi layi a falale tun rana ba ta yi zafi ba, ƙafa ba takalmi. Ruwan da aka wanke hatsi da shi, shi za a wanke kwano, shi za a ba kaji. Wanka ya zama na Juma'a. Indo na da ciki wata biyar. Wata rana na kama ta a bayan ɗaki tana tsiyaya wa tunkiyarta rabin ruwan shanta. Na buɗe baki zan yi faɗa, ta dube ni ta ce, "Malam, da tana da inda za ta sha ai da ban ba ta ba."

Dabbobi sai kogi, tafiyar rabin yini, kuma kogin ma yashi ne, sai ka tona har kafaɗa ka jira ruwa ya tsatso. Yau a je, gobe a huta, don ba su iya kullum. Fulanin da ke sauka bayan dutse kowace shekara suka kwashe bukkokinsu suka yi kudu, nono ya ɓace, takin da suke bar mana ya ɓace. Awakin uwar Tanko guda biyar, ɗaya ta rage. A wata dawowa daga kogi, rana tsaka, Goje ya durƙusa a kan hanya. Na ja, na daka, na roƙe shi. Ya kwantar da kai. Da ƙyar aka samu wuƙa kafin ya mutu banza. Naman ko ɗigon kitse babu.

Mahaifina bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Da ruwa ya dawo muka sake shuka da ɗan irin da aka aro, lokacin huɗa ya yi, sai ya miƙo mini garma ya nuna mini gona daga wannan kai zuwa wancan. Sa ɗaya ba ya huɗa. Ni na zama Goje a daminar nan. Abin da muka girbe bai kai mu tsakiyar rani ba. A kakar aka haifi ɗana Nura.

Mun gwada siminti a tsagar, mun gwada ƙaro, mun gwada kwalta. Ruwa ya san hanyarsa. Har yau Ƙaramar Randa ba ta kwana da ruwa. Sunan Mai Taya ya zauna, amma ya daina zama kirari. Da Baba Ilu ya kwanta ciwon ajali, 'ya'yansa duk sun yi birni, ni ya aika aka kira. Ya miƙo mini sandar. Na ce, "Baba, ni?" Ya ce, "Wanda ya fasa ɗaya shi ya san ƙarar." Shekara ashirin ke nan tana hannuna.

To, wannan jan fentin na bana na wani kamfani ne mai fasa dutse yana sayar da tsakuwa. Sun riga sun cinye rabin wani dutse can gabas da mu, in iska ta juyo muna jin nakiyarsu. Maigari na yanzu ya tara mu a ƙofar gidansa. Suka turo injiniyansu, yaro mai ladabi, da ƙaton takalmi. Ya ce bayan dutsen kawai za su ci, Randa ba za a taɓa ta ba. Za su gina mana burtsatse mai sola, su gyara hanya, su ɗauki samari aiki. Samari suka gyara zama. Ban ga laifinsu ba. Gonakin nesa sun gagara saboda 'yan bindiga, yaro na da mata da 'ya'ya, ba shi da inda zai sa fartanya.

Malam Yohanna na wurin, wani mutumin Filato mai gyaran famfo a Dutsin-Ma, shi ke zuwa yana fama da tsohuwar burtsatsenmu. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni dai abin da na sani, ƙasan garin nan dutse ne. Waccan sau nawa na tashe ta tana mutuwa da rani?"

Na miƙe na ce ban yarda a taɓa dutsen ba. Tanko, yanzu gemunsa fari fat amma bakin na nan, ya ce, "Jama'a ku ji mai wa'azi! Mai Taya, ba kai ka fara kai mashi wuta ba? Ko don su ba su zo da taya ba ne kake hushi?"

Aka fashe da dariya, har Maigari ya rufe baki da hannun riga. Na bari suka gama. Na ce, "Ni ne. Da kai. Ku taso ku gani."

Na sa aka ciko jarka daga Babbar Randa. A gindin dutse na nuna wa injiniya takalminsa. Ya dubi Maigari, ya ga Maigari na cire nasa, ya cire. Rana ta gasa falale, yaron nan ya riƙa ɗaga ƙafa kamar zakara a kan garwashi. Tanko ya ce, "Sannu Injiniya, wanga ma cikin karatun ne."

A bakin Ƙaramar Randa na sauka, na nuna masu tsagar, na juye jarkar duka. Mutum kusan sittin, kowa da azumi, kowa leɓe a bushe, suna kallon ruwa mai sanyi yana raguwa. Bai kai tsawon sallar raka'a biyu ba ya tafi. Dariya ta ɗauke.

Na ce, "Injiniya, taya goma sha biyu suka yi wannan. Nakiyarku taya nawa ce?"

Ya durƙusa ya bi tsagar da yatsa, ya daɗe. Ya ce, "Baba, da nisa tsakanin inda za mu fasa da nan."

"Ka rantse Babbar ba za ta tsage ba."

"Ba zan rantse ba." Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. "Amma in gaya maka gaskiya, takardar izini ta riga ta fito daga sama. Hanyar da tifa za ta bi kawai muke nema."

Hanyar kuwa biyu ce. Bayan dutse kwazazzabai ne ta ko'ina, mota ba ta isa sai ta gonata ko ta gonar Tanko.

Daga ranar gari ya motsa, gwargwadon ƙarfinsa. Malam Yohanna ya rubuta mana takardar koke, aka bi gida-gida ana dangwala yatsa, aka kai wa Hakimi, aka kai ƙaramar hukuma. Har yau muna jiran amsa. Mata suka hau da yashi da tsakuwa suka goge jan fentin tas, ba sabulu. Tsofaffi suka raba kwanaki, kullum mutum biyu na zaune a inuwar gindin dutse, ko da wani zai zo da injin huda. Amma ba kowa ya dangwala ba. Nura bai dangwala ba.

Ya same ni a zaure ina gyaran kwando. Ya ce, "Baba, sun ce in ka ba da hanya za su ba ni tuƙin tifa."

"Na ji."

"Kabu-kabun nan ba ya ciyar da gida. Jiya tun safe fasinja uku na ɗauka."

"Na sani."

"In ka hana, ta gonar Baba Tanko za su bi. Ka rasa, ni in rasa, dutsen kuma a fasa shi."

Na ce, "Uwarka ta raba ruwan shanta da tunkiya kana cikinta. Ban son matarka ta koyi wannan." Ya tashi ya buga babur ɗinsa. Kwana tara ke nan gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Shekaranjiya muka yi yasa. Na yi zaton mutum goma ba za su fito ba, sai ga fiye da rabin gari, har da waɗanda ba su dangwala ba. Layin kwanduna ya miƙe, mata na share falale. Ni kuma, kamar kowace shekara, da aka gama da Babbar na sauka Ƙaramar ni kaɗai ina kwashe ƙasar da iska ta tara. Ba ta da amfani, na sani. Hannuna ne ya saba.

Sai na ga inuwa ta faɗo a kaina. Tanko ne, da kwando, yana haki. Ya zauna a bakin ramin, daidai inda Baba Ilu ya zauna waccan safiya.

Ya ce, "Mai Taya, har yanzu kana yi wa gawa kwalliya?"

"Miƙo kwandon."

Ya miƙo. Can ya ce, "Sun zo gidana jiya. Da Alhajinsu mai kamfanin da kansa."

Na ci gaba da kwasa. Na san halin da yake ciki: ido ɗaya ya tafi, ɗayan na bi, likita a Katsina ya ce sai an yi aiki.

"Mi ka ce masu?"

"Na ce na riga na kai taki gonar. Ba a tako mini taki da tifa. Su dawo bayan kaka."

"Bayan kaka fa?"

"Kai Sale, ka bar ni haka nan. Damina ɗaya na iya. Ban san ta gaba ba." Ya share ido da gefen rawani. "Akuya biyar, ɗaya ta rage. Kana zaton kai kaɗai ke tunawa?"

Na cika kwandon na miƙa masa, ya karɓa. Muka yi layi mu biyu, ina miƙowa yana zubarwa, har ramin ya fita tas, tsagar ta bayyana siririya kamar ranar farko.

Damina ɗaya muka samu. Jiya na toshe hanyar ruwa da duwatsu, na tsoma sandar Baba Ilu a Babbar Randa, saura tsaga huɗu. Ina cikin share sandar na ji rugugi daga gabas, ban san ko hadari ne ko nakiya ba. Na tsaya, ƙafa ba takalmi bisa dutse, ina jira in ji ta ina zai shigo mini, ta kunne ko ta tafin ƙafa.